Yatsan Baba a Ƙasan Akwatina

Sallama gare ku, masu sauraron surutuna. Yau ku yi haƙuri da ni in labari ya zo muku a gurguje, don har yanzu da nake magana yatsuna duk hujin allura ne.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Balki, ƴar Alasan sarkin ƴan dakon gyaɗa na nan Matameye. Shekarata ashirin da ɗaya, kuma bazawara ce ni. Eh, kun ji daidai. Watanmu bakwai da aure tarin buhunan gyaɗa ya rufto wa mijina Manu a filin kamfani. Kamfani ya aiko da likkafani, washegari aka ci gaba da lodi. Ni kuma na koma ɗakin kakata Iya, na yi takaba wata huɗu da kwana goma ina kallon bango. Da na fita, sai na ɗauki basilla na shiga cikin matan da ke ɗinke bakin buhu a filin awo, don in na ƙara kwana ɗaya a ɗaki haukacewa zan yi. Iya cewa take tun ina ciki nake sauri, wai ko ungozoma ban jira ba.

A filin nan na haɗu da Abdulra'uf, cikin kakar bana, shekarar 1957.

Makaniki ne, yana gyaran kamyo, manyan motocin nan da ke kwasar gyaɗa zuwa Kano. Dogo, siriri, hannun rigarsa kullum da baƙin mai, ga wata hula da ta ga duniya. Ya yi aiki har Dakar, an kore shi wuri uku, ya yi wata shida a gidan kason Damagaram, duk a kan abu ɗaya: duk inda ya sauka sai ya tara ma'aikata ya kafa musu sandika, wato ƙungiyar da za ta yi magana da bakinsu. Ran nan ina cikin ɗinki sai ga inuwa a kaina.

"Ke ce matar Manu?"

"Da can," na ce, ban ko ɗago ba.

"Allah ya jiƙansa. Hawa nawa tarin ya kai ranar?"

Na ɗago. Shekara biyu ke nan, kowa ya zo sai ya ce mini ƙaddara ce, ki yi haƙuri. Ba wanda ya taɓa tambayata yadda aka yi.

"Ƙaddara ce," na ce masa, don in ji ta bakinsa.

"Ƙaddara ce," ya ce. "Amma wani ne ya ce a ƙara hawa biyar a kan tarin don kada a share sabon fili. Shi wannan yana da suna, yana da ofis."

Ranar ban gama buhu goma ba. Wallahi tun daga nan zuciyata ta tafi, ba zan ɓoye muku ba.

Gari kuwa ya ɗauka. Ɗan kwaminis ne, ba ya salla, su komai rabawa suke yi har mata. Ni da bakin nan nawa ai ba zan iya shiru ba. Ranar da ya fara zuwa zance ƙofar gidanmu bayan la'asar na tare shi.

"An ce kai kwaminis ne."

"Ba a yi ƙarya ba."

"An ce komai rabawa kuke. To ni kashi nawa za a yi da ni? Ina so in sani tun da wuri."

Ya yi dariya har hular ta faɗo. "Ke ai ko an ba wani kyauta sai ya dawo da ke kafin azahar. Abin da muke cewa, Balki, wanda gumin jikinsa ya ɗaga buhu shi ma mutum ne. In ya karye a yi masa magani, in ya mutu kada a ce wa matarsa ga likkafani, sai an jima."

"Salla fa?"

"Tambayi liman wa ke taka masa rigarsa a sahun gaba."

Saƙonninsa kuwa ƙawata Hajara mai tallan ƙosai ke kawo mini, ƴar takarda da ajami a naɗe cikin ganyen goro. *Balki, yau injin ya tashi amma ni ban tashi ba, don ban gan ki ba.* Ko kuma: *Kin saka kallabi kore jiya. An kusa a niƙe mini yatsa saboda ke.* Ina karantawa ina cewa ji shashanci, ina kuma cusawa a cikin matashina.

Wata guda da ya wuce ya turo tsoho Bawa, mai gidan da yake zaune, da kayan toshi. Akwatin ƙarfe shuɗi mai zanen furanni, da ɗan kwaɗonsa. A ciki turmin atamfa uku, kallabi biyu, takalmi mai maɗauri, sabulu mai ƙamshi, kwalbar turare da ƴan kunne. Aka ajiye a ɗakin Iya, aka ce sai manya sun yi shawara. Turmi ɗaya, ja mai zanen tsuntsaye, ya shiga raina har na zare shi na ɓoye ƙarƙashin katifata. Ban yanka ba, shinshinawa kawai nake yi. Kada ku yi mini dariya.

Litinin da ta wuce Abdulra'uf ya zo ba fara'a. Ya waiwaya hagu da dama, ya zaro wata takarda daga cikin hularsa.

"Ƴan sandan jandarma sun birkice ɗakina sau biyu. Wannan sunayen mutum arba'in da uku ne, kowa da dangwalen yatsansa. Sun yi alkawari ran Asabar ba mai ɗaga buhu sai an rage tsawon tari, an kuma yarda da maganin wanda ya ji rauni. In takardar nan ta kai ofishin kamfani kafin Asabar, duka za a kore su, wasu kuma kaso. Ɗakin bazawara ba mai bincikawa. Za ki iya?"

"Kawo."

"Ba wanda zai ji, Balki. Ko Iya."

"Na ce kawo."

Da ya tafi na buɗe, don ni ba a ba ni ajiya in kasa leƙawa. Sunayen da rubutun boko ne, ban iya ba. Amma yatsu ai ba sai an je lakwal, wato makarantar boko, ba. Ina bin su da ido, baƙi, baƙi, baƙi, sai na zo kan na uku daga ƙarshe. Babban yatsa ne mai faɗi, da farin layi ya raba shi biyu.

Ƙugiyar buhu ce ta tsaga wa Baba babban yatsa tun kafin a haife ni. Shi ya yi yaɓen ɗakin Iya da hannunsa, bangon nan duk shaidar yatsan nan ce mai tsaga. Wata huɗu da kwana goma na yi ina kallonta, ko a mafarki na gan ta zan gane.

To amma Baban nan shi ne ke cewa a zaure, da ƙarfi don kowa ya ji, "Ɗan kwaminis ba zai zama surukina ba." Kaina ya ɗaure. Na naɗe takardar na cusa cikin ninkin turmin da ke can ƙasan akwati, na rufe, na rataye mabuɗin a ƙusa. A ganina na yi dabara.

Za ku ce me ya hana ni tambayarsa. Ai ni ce ƴar fari. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Waccan," ko "ta ɗakin Iya." In yana da magana da ni, Iya yake faɗa wa ina tsaye a wurin. In muka haɗu a soro, shi ya kalli gabas ni in kalli yamma. Haka aka tarar, haka ake yi, ban taɓa jin haushi ba sai yau.

Yau da hantsi ina shara sai na ji ƙararrawar keke. Baffa Shekara ne, ƙanen Baba, akawun kamfani. A can Mushe Shekara ake ce masa, wato Malam da bakin Turawan kamfani. Wandon kaki, alƙalami biyu a aljihu, ƙamshin man gashi tun daga ƙofa. Shi ke rubuta sunan kowane lebura, shi ke goge shi. Shi ne kuma waliyyina.

"Yaya, jiya Bature ya kira ni," in ji shi, ko gaisuwa bai gama ba. "Wai an ce ƴar gidanmu za ta auri shugaban masu tayar da fitina. Aikina kake so in rasa, ko naka?"

Baba na zaune a kan turmi yana ɗaura igiyar takalminsa. "Na riga na ce ba na yi."

"To kayansa me suke yi a gidan nan? Yau za a mayar. Na aika wa Bawa, na gayyaci Malam Rabi'u ya zama shaida. Bayan la'asar a zaurena za a buɗe, a warware kowane turmi a gaban kowa, kada gobe a ce mun riƙe allura."

Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. A warware kowane turmi. A gaban akawun kamfani.

"Iya," in ji Baba yana kallon katanga, "a ce wa waccan ta fito da akwati."

"Baffa, don Allah a bar ni in gyara kayan tukuna, in kakkaɓe..."

"Kakkaɓe me? Ke da ba a tambaye ki ba." Ya shige ɗakin da kansa, ya sungumo akwatin, ya zare mabuɗin daga ƙusa ya jefa a aljihun alƙalumansa. Ina tsaye ya ɗaure shi a bayan keke da igiyar roba. Baba ya saɓa ƙugiyarsa ya bi bayansa zuwa fili.

Innalillahi. Na shiga ɗaki, na fito, na sake shiga. Na ɗauki tulu na ajiye. Na yagi takarda na rubuta, *Akwati na hannun Baffa, abin yana ciki, la'asar za a buɗe*, na ruga wurin Hajara don ta kai wa Abdulra'uf. Ta tafi ta dawo da takardar a hannunta.

"Ya tafi Dawce tun asuba wurin ƴan dakon can. Sai gobe."

Na nufi filin awo da gudu, mayafi a hannu. Baba na bakin wata kamyo yana ba da umarnin lodi, teburin Baffa kuwa taku biyar tsakaninsu. Na tsaya. Na buɗe baki. Baba ya hango ni, ya kau da kai yadda ya saba yi shekara ashirin da ɗaya. Baffa ya ɗago ya zuba mini ido ta saman littafinsa. Na juyo ina kuka, ina kallon mutanen da ke wucewa da buhu a ka, ban san wane ne a cikin arba'in da ukun ba, amma kowanne na san matarsa.

A gida na tarar da Iya tana kaɗi a inuwa.

"Ke wai ƙuma ce ta shiga zanenki? Zauna mana!"

"Iya, ba yadda za a yi a fasa mayar da kayan nan?"

"A fasa? Ke dai ki gode wa Allah ba ki yi rawar kai kin yanka ko ɗaya ba. Bazawara in ta sa almakashi a zanen mutum ta ɗaura, ai magana ta ƙare, ta amsa ke nan. Ba mai mayar da yankakken zane sai marar kunya."

Iya ta dube ni, na dube ta. Ta ajiye mazarinta a hankali.

"Balki, turmi nawa ke cikin akwatin nan?"

"Biyu."

"Uku aka kawo."

"Eh."

Ta daɗe tana kallona. Sai ta gyara tabarma ta kwanta, ta juya mini baya. "Ni barci zan yi, ban ga komai ba. Kuma kada wanda ya taɓa mini almakashina da ke cikin kwando ƙarƙashin gado."

Masu sauraro, ban taɓa ɗinki irin na yau ba. Na shimfiɗa jan turmin nan a ƙasa, na ce bismillah, na sa masa almakashi. Ƙarar yankan har cikin haƙorana na ji ta, don na san ba zane kaɗai nake yankawa ba, maganar ubana ce a gaban gari. Na kirawo Hajara ta kama zane da kallabi, ni na kama riga. Hannun da ya saba da basilla ina ya san ɗinkin kwalliya? Manyan ɗinki na dinga zubawa irin na bakin buhu, ina soke yatsa ina tsotsewa, ina leƙa inuwar katanga. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Tsuntsayen gaba suna tashi sama, na baya kansu a ƙasa.

"Balki, wannan ai ko mahaukaciya..."

"Miƙo zare!"

Ana kiran la'asar ina cizge zaren ƙarshe. Na yi salla a gurguje, Allah ya yafe mini, na zura rigar, na ɗaura zane, na kafa ɗauri. Ban bi ta lungu ba. Ta tsakiyar gari na bi, ta gaban mahauta, ta gaban masu shayi, ta bakin rijiya, don kowa ya gani ya shaida. Mata na leƙowa suna kama baki, ni kuwa sauri kawai nake.

Na tarar da su a zauren Baffa. Malam Rabi'u da carbinsa, tsoho Bawa ya sunkuyar da kai, Baba a gefe kusa da ƙofa. Akwatin na tsakiya, mabuɗin ya riga ya shiga kwaɗo.

"Salamu alaikum!" Da ƙarfi na yi ta, har tsoho Bawa ya zabura.

Baffa ya dube ni daga sama har ƙasa. "Wannan fa?"

Na durƙusa. "Baffa, na ukun ne. Na yanka, na ɗinka, na ɗaura. Rabin gari ya gani."

"Ke! Don ubanki..." Sai ya tuna uban nawa na zaune, ya haɗiye sauran.

Tsoho Bawa ya ɗago, fuskarsa ta washe. "To ai Mushe, ni ba zan karɓi kaya da yankakken zane ba. In kai wa yaro in ce masa me?"

Malam Rabi'u ya yi gyaran murya. "Gaskiya, Shekara, wadda ta taɓa aure ita ke da bakinta, ba a yi mata zaɓi. Ƴata, da yardarki kika yi wannan?"

"Da yardata, Allah gafarta Malam."

"Duk da haka sai na buɗe," in ji Baffa, yana huci. "In ga me kuma ta ɓarnatar."

Hannunsa ya kai kan mabuɗin. Ban san lokacin da na tashi ba, sai ji na yi na zauna daram a kan akwatin, na baza sabon zanena.

"Kayana ne yanzu, Baffa. Akwai na ciki, irin na mata. A gaban Malam za a baje?"

Malam ya ce a'uzubillahi, ya kau da kai. Ni dai ƙasa nake kallo, ina jin ɗinkin hammata na ɓallewa ɗaya bayan ɗaya. Kunya kuwa, da ƙasa ta tsage da na shige.

Sai Baba ya miƙe. Ya miƙa wa Baffa tafin hannu, Baffa ya zare mabuɗin ya saka masa.

"A ce wa waccan ta tashi," in ji shi, yana kallon rufin zaure.

Na tashi. Ya ɗaga akwatin da hannu ɗaya ya aza a ka, ya fita.

Na bi shi a baya, taku goma tsakaninmu. Wuyansa kawai nake kallo, jijiyoyin sun tashi. Na san na tozarta shi, sarkin ƴan dako guda ƴarsa ta ƙaryata shi a gaban ƙanensa. Da muka bar cikin gari muka zo gindin tsamiyar bayan makabarta inda ba kowa, sai na ji in ban faɗa yanzu ba fashewa zan yi.

"Baba."

Bai tsaya ba.

"Baba, takardar mutum arba'in da uku tana cikin akwatin da ke kanka."

Ya tsaya cak. Ya sauke akwatin a hankali, ya zauna a kan saiwar tsamiya. Ya buɗe kwaɗon da ƙyar, ya ɗaga turmin ƙasa, takardar ta faɗo a cinyarsa. Ya daɗe yana kallonta, yana share gumi da gefen rawani.

"Da kaina," ya ce, ba da ni yake ba. "Da kaina na ce a fito da shi."

"Na ga na uku daga ƙarshe," na ce. "Irin na bangon Iya."

Ya dubi babban yatsansa, ya dunƙule hannun.

"To me ya sa, Baba? Kana tare da shi, kake cewa ba zai zama surukinka ba?"

Na ɗauka tsamiyar zai ba amsa, yadda ya saba ba katanga. Sai ya ɗago ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da nake.

"Ni na ciro Manu daga ƙarƙashin buhunan nan da hannuna. Ni na ce a ƙara hawa biyar ɗin, don an umarce ni, ban iya cewa a'a ba. Wata huɗu ina wucewa ta ƙofar ɗakin Iya ina jin kukanki. Yaron nan gaskiya yake faɗa, shi ya sa na dangwala. Amma irinsu ba sa tsufa a gida. Yau kaso, gobe a kai shi can arewa inda ba a dawowa da lafiya. Yatsana na yarda na ba shi, Balki. Ke ce ban yarda in ba shi ba."

Balki. Daga bakinsa. Na durƙushe a wurin da rigata mai hannu ɗaya dogo, na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka kawo gawar Manu.

Bai rarrashe ni ba. Ya naɗe takardar, ya cusa cikin hularsa, ya danna hular a ka. Ya sake aza akwatin.

"Tashi mu je, kin riga kin yanka. In ya dawo gobe ya turo manyansa." Ya yi taku biyu ya tsaya, bai waiwayo ba. "Amma a ɗaura auren kafin Asabar. Bayan Asabar ban san wanda zai rage a waje ba, ni ko shi."

Yau Laraba.